Yadda Ake Amfani da Tsofaffin Takardun Kiɗa na Intanet Wajen Shirya Wasan Makaranta ko na Kwaya a Sakkwato

Masu karanta kiɗa a takarda ba su da yawa a Sakkwato, amma suna nan: 'yan badujala na makarantun sakandare da na bariki, ƙungiyoyin kwaya, wato masu rera waƙa a tare, na coci-coci, masu yi wa ƙasa hidima da ke haɗa ƙungiyar kiɗa a sansaninsu na Wamakko, da malaman da akan ɗora wa nauyin shirya wasan ranar ba da kyaututtuka. Damuwarsu kusan ɗaya ce, domin ba kasafai ake samun takardun kiɗa na saye a kasuwa ba, abin da ke yawo a hannun jama'a kuwa fotokwafi ne da aka yi daga wani fotokwafin, wanda layukansa suka dushe har ba a iya bambance nota, wato alamar sauti a rubutun kiɗa, da ɗigon tawada. Alhali kuwa akwai dubban tsofaffin takardun kiɗa da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, an ɗauki hotonsu an zuba a intanet, kowa yana da damar saukewa, ya buga, ya rera a bainar jama'a ba tare da ya biya kowa ba. Sai dai fayil ɗin da aka sauke tamkar yadi ne da aka sayo a kasuwa: sai an auna mai sawa, an yanka, an ɗinka, kafin ya zama riga.

Saboda haka aikin farko ba a intanet yake ba. Jagoran ƙungiya ya zauna da takarda da alƙalami ya rubuta mutanen da yake da su a zahiri: muryoyin sofrano nawa, alto nawa, teno da bas nawa (rukunonin murya huɗu ke nan, daga mafi siriri zuwa mafi kauri), wane ne ke iya karanta nota, wane ne sai solfa, wato tsarin do-re-mi, wane ne kuma sai an rera masa ya haddace. Ya rubuta kayan kiɗan da ke aiki, ban da waɗanda aka daɗe ana cewa za a kai gyara. Ƙungiyar da ke da tirampet uku, tirambon ɗaya, ganguna da kibod ba ta da abin yi da takardar da aka tsara wa makaɗa sittin, komai daɗinta. Ya kuma rubuta tsawon lokacin da aka ba shi a taron da yawan makonnin da suka rage. Minti goma na kiɗan da aka ƙware a kansa sun fi amfani ga ƙungiyar 'yan koyo a kan rabin sa'a na lalube.

Daga nan sai maganar doka, wadda ita ce mutane suka fi tsallakewa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa kiɗa da rubutun waƙa suna ƙarƙashin kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai aikin ya rasu. Lissafin mai sauƙi ne: a shekarar 2026, misali, aikin wanda ya rasu a 1955 ko kafin nan ya zama na kowa, aikin wanda ya rasu a 1956 kuwa sai an jira ranar 1 ga Janairun 2027. Idan mutum biyu ne suka haɗu suka yi aikin, ana fara ƙirga daga rasuwar na ƙarshensu. Da wannan ma'auni ayyukan Handel, wanda ya rasu a 1759, da na Mozart, wanda ya rasu a 1791, da na John Philip Sousa, ƙwararren mai tsara kiɗan fareti na Amurka da ya rasu a 1932, duk sun kuɓuta. Fela Sowande kuwa, wanda yana cikin manyan masu tsara rubutaccen kiɗa na Najeriya, a 1987 ya rasu, don haka ayyukansa suna da kariya har ƙarshen 2057, ko da an ci karo da kwafinsu a intanet. Samun abu a intanet ba shi ne izinin amfani da shi ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar cewa takardar kiɗa aikin mutum ɗaya ce. Sau da yawa hannu uku ko huɗu ne a cikinta: wanda ya tsara kiɗan, wanda ya rubuta kalmomin, wanda ya fassara su, da editan da ya tace aikin ko ya sake tsara shi don fiyano ko don muryoyi huɗu. Kowannensu yana da nasa haƙƙin, kuma dole a nemi shekarar rasuwar kowane. Aikin Handel da ake kira Messiah, wanda aka fara rerawa a Dublin a 1742 kuma kwayoyin Najeriya suka saba da shi, misali ne mai kyau. Bugun da Ebenezer Prout ya tace a 1902 ba shi da matsala, domin Prout ya rasu a 1909. Bugun Watkins Shaw na 1959 kuwa har yanzu yana da kariya, domin Shaw ya rayu har 1996. Kiɗa ɗaya ne, amma ɗayan littafin ana iya yin fotokwafinsa, ɗayan ba a iyawa. Haka zancen yake ga tsofaffin waƙoƙin coci da aka mayar Hausa: muryar waƙar na iya kasancewa ta ƙarni na 18 ko na 19, amma fassarar Hausar sabon aiki ce, kuma mai ita ko cocin da ya wallafa ta shi ake tambaya.

A nan ya kamata a yi wa masu shirya wasa a Sakkwato gargaɗi na musamman, domin akwai al'adar ɗaukar cewa duk waƙar Hausa da ta tsufa ta zama ta kowa. Waƙoƙin manyan makaɗan fada na ƙarni na 20 suna da masu su. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, misali, a 1991 ya rasu, kuma magadansa suna da haƙƙi a kan waƙoƙinsa har ƙarshen 2061. Ko kiɗan gargajiya da ba a san wanda ya ƙaga shi ba, dokar ta ba shi kariya ta daban, ta kuma ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon ba da izini idan za a yi amfani da shi don kasuwanci ko a wajen muhallinsa na al'ada, ko da yake ta sassauta wa harkar koyarwa.

Bayan an fahimci wannan sai a shiga nema. Babbar taska ita ce IMSLP, wadda Edward Guo ya kafa a 2006, inda ake iya bincike da sunan mai kiɗa, ko da nau'in kayan kiɗa, ko da yawan muryoyi. Kyauta ce, sai dai wanda bai biya kuɗin zama mamba ba yakan jira daƙiƙa 15 kafin fayil ya sauka. Ga kwaya, CPDL, wadda aka fara a 1998, ta fi sauƙin amfani, saboda yawancin abin da ke cikinta masu sa kai ne suka sake buga shi da kwamfuta, yana fita tas a takarda, kuma sau da yawa akan haɗa da fayil ɗin sauti ko wanda ake iya gyarawa. Akwai kuma Mutopia da Internet Archive, da ɗakin karatun Majalisar Dokokin Amurka, da Gallica ta babban ɗakin karatun Faransa. 'Yan badujala su leƙa shafin ƙungiyar kiɗa ta sojojin kundumbala na ruwa na Amurka, wadda ta sake buga kiɗan faretin Sousa, da takardar jagora da ta kowane makaɗi, ta kuma sake su kyauta. Wanda ke son abin da ke da alaƙa da Afirka ya duba ayyukan Samuel Coleridge-Taylor, wanda aka haifa a Landan a 1875 ya rasu a 1912, mahaifinsa ɗan Saliyo ne, kuma ya tsara wasu muryoyin waƙoƙin Afirka da na baƙaƙen Amurka don fiyano.

IMSLP takan sanya alama a kan fayil idan yana da kariya a Kanada, ko a Amurka, ko a Tarayyar Turai. Ba ta ambaton Najeriya. Alamar Tarayyar Turai ce ta fi kusa da halinmu, domin su ma shekara 70 bayan rasuwa suke ƙirgawa. Ta Amurka tana iya ruɗar da mutum, saboda a can tsofaffin ayyuka daga shekarar wallafawa ake ƙirga musu shekara 95, don haka abu na iya kuɓuta a Amurka alhali yana da kariya a nan. Fayilolin da masu sa kai suka sake bugawa kuwa sukan zo da lasisin Creative Commons, wato izinin amfani da aikin kyauta bisa wasu sharuɗɗa. A karanta shi. Idan yana ɗauke da haruffan BY, wajibi ne a ambaci sunan wanda ya buga. Idan yana da NC, an hana amfani da shi don kasuwanci, kuma ƙungiyar da za ta karɓi kuɗin shiga gara ta nemi wani bugun ko ta rubuta wa mai shi.

Aiki ɗaya yakan kasance da bugu biyar ko goma a taska guda, kuma kada a ɗauki na farko da ido ya gani. Da farko a bambance iri uku: cikakkiyar takardar jagora mai nuna duk kayan kiɗa a shafi ɗaya, takardar muryoyi mai rakiyar fiyano, da takardun ɗaiɗaikun makaɗa. Kwaya mai kibod ɗaya ta biyun take bukata. Wasannin kwaikwayo masu waƙa na Gilbert, mai rubuta kalmomi, da Sullivan, mai tsara kiɗa, waɗanda ƙungiyoyin sa kai a Ingila suka daɗe suna yi, duk sun kuɓuta tunda Sullivan ya rasu a 1900, Gilbert kuma a 1911, kuma ana samun takardun muryoyinsu; amma a ganina bai kamata ƙungiya ta fara da cikakken wasa irin wannan ba, domin barkwancinsu na Turancin zamanin da ne, gara a ciro waƙa ɗaya ko biyu. Sannan a buɗe fayil ɗin a kwamfuta, ba a waya ba, a bi shi shafi bayan shafi ana duba lambobi, domin akan sami shafin da ya ɓace, ko wanda aka ɗauka a karkace har gefen layin ƙarshe ya yanke. A buga shafi ɗaya mafi cunkoso a gwada shi a hasken da za a yi wasan. Fayilolin hoto masu launi suna da nauyi, suna cin data, kuma sukan fito da duhu-duhu a firinta. Baƙi da fari ya fi dacewa.

Tsofaffin bugu suna da wasu al'adu da ke rikita ɗan koyo. Takardun kwaya na da sukan rubuta sofrano, alto da teno da wata alamar farkon layi da ake kira kilef na C, wadda yawancin mawaƙan yau ba su saba da ita ba, kuma wanda ya karanta ta kamar kilef ɗin da ya sani zai rera abin da ba shi ke nan ba. Kayan busa kuma suna da nasu sha'anin. Tirampet da kilarinet na yau galibi na B♭ ne, wato idan makaɗi ya busa notar C da ke takardarsa, B♭ ce ke fita, don haka ana rubuta masa takardarsa mataki ɗaya sama da ta kibod. Saksofon na alto na E♭ ne. A tsofaffin takardu za a ga an rubuta wa kilarinet na A, ko tirampet na D, ko ƙaramar sarewa ta D♭, kayan da ba lallai ne a same su a ɗakin ajiyar makaranta ba. Idan aka miƙa wa yaro irin wannan takarda da kayan B♭ a hannunsa, zai busa kowace nota daidai amma sautin ya saɓa wa na kowa, a yi ta ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Maganin waɗannan duka shi ne sake buga takardar a manhajar rubuta kiɗa. MuseScore kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba da zarar an girka ta. Idan an yi sa'a taskar ta ba da fayil na MusicXML, wato irin wanda manhajojin rubuta kiɗa ke iya gyarawa, sai a buɗe shi kai tsaye. Idan hoto ne kawai, akwai Audiveris, ita ma kyauta, wadda ke ƙoƙarin karanta hoton ta mayar da shi nota. Tana yin abin kirki da hoto mai tsabta, amma tsohuwar takarda mai tabo takan sa ta kuskure da yawa, har gyaran ya fi bugawa da hannu cin lokaci. Ga waƙa mai shafi uku ko huɗu, bugawa da hannu ya fi. Ana gamawa sai mutum biyu su tantance: ɗaya yana kallon asali, ɗaya yana sauraron manhajar tana kaɗawa, murya bayan murya. Daga nan ana iya sauke waƙar mataki ɗaya ko biyu idan sofrano na shan wuya a sama, tare da lura kada bas su nutse a ƙasa. Ana iya ba tirambon layin da aka rubuta wa wani kayan da babu. Ana iya yanke maimaici. Doka ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ga aikin da ya zama na kowa ba. Lallai ne kuma a sanya lamba ga ɗakunan kiɗan, wato tazarar da ke tsakanin layuka biyu na tsaye, domin tsofaffin bugu da yawa ba su da ita, kuma in babu ita jagora ba shi da hanyar cewa a koma wuri kaza. Ga masu karanta solfa, tsarin do-re-mi da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, a rubuta musu haruffan a ƙarƙashin notocin, ko a nemi tsohon bugun Ingila, domin da yawa an buga su da solfa tun asali.

Sanya wa waƙar kalmomin Hausa shi ne abin da zai jawo hankalin masu sauraro a Sakkwato, kuma shi ne ya fi bukatar haƙuri. Hausa tana bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi, rubutun boko kuwa ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido ba ya isa, sai an furta. Kalmar gari ta mazauni gaɓarta ta farko gajera ce. Idan ta faɗa a kan doguwar nota, abin da kunne zai ji shi ne garin tuwo. Karin sauti ma haka: kuka na hawaye sautinsa a sama yake daga farko har ƙarshe, kuka ta miya kuwa tana sauka a gaɓar ƙarshe, kuma muryar waƙar na iya juya ɗaya ta koma ɗaya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara zana tsarin muryar a takarda, a nuna dogayen notoci da gajeru da inda take hawa da sauka, sannan a nemi kalmomin da suka dace da wannan tsari, maimakon a fassara layi-layi a tilasta masa shiga. A riƙe ma'anar baiti gaba ɗaya, a sake ta da kalmomin da Bahaushe zai faɗa. Idan nota ɗaya ta hana, a raba ta biyu ko a haɗe biyu su zama ɗaya. Garin nan ba ya rasa masana karin waƙa, a sashen harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a cikin malaman Hausa na makarantu, kuma zama ɗaya da irinsu yana gyara abin da makaɗi ba zai lura da shi ba. Gwajin ƙarshe shi ne a rera wa wanda bai ga rubutun ba, a ce ya maimaita abin da ya ji. Waƙoƙin malaman jihadi na ƙarni na 19 kuwa, duk da cewa wa'adin doka ya daɗe da wucewa a kansu, suna da muryoyinsu da martabarsu a wurin jama'a, kuma ba shawara ba ce a ɗora su a kan kiɗan Turawa ba tare da an tuntuɓi malamai ba.

Wajen bugawa, a tuna cewa tsofaffin littattafan kiɗa da yawa sun fi A4 girma, kuma idan aka matse su notocin sukan ƙanƙance. A yanke farin gefen shafin a kwamfuta kafin a buga, takardar jagora kuma a yi ta a A3. A buga kwafi ɗaya mai kyau a ajiye shi a matsayin uwa, duk fotokwafi daga gare shi za a riƙa yi. Takardar mai busa a tsara ta yadda juya shafi zai faɗo a inda yake hutawa, tunda hannayensa biyu suna kan kayan. A haɗa shafuka da salatif ta baya ko a yi musu ɗinkin sifiral don su buɗe su kwanta, a sa wa kowane kwafi lamba da sunan mai riƙe da shi, a kuma hana rubutu da biro, fensir kaɗai. Wasan fili a lokacin hunturu yana bukatar maƙalan shanya don kada iska ta kwashe takardu, da jakar leda saboda ƙura.

Don bita, a fitar da sautin kowace murya daban daga MuseScore a matsayin MP3, a rage gudu kaɗan, a tura wa kowane rukuni nasa ta WhatsApp, domin wanda ba ya karatun nota ya koya da kunne a gida. A fara da rukuni-rukuni, a soma daga wuraren da suka fi wuya, sannan a haɗa. A tsara lokaci yadda ba zai ci karo da salla ba, a kuma yi la'akari da maƙwabta, musamman idan akwai ganguna. Zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana shafar sauti: kayan busa suna hawa sama idan sun ɗumama, masu tsirkiya suna sauka, kibod kuwa yana nan inda yake. Saboda haka a daidaita sauti a wurin wasan bayan an ɗan busa kayan sun ɗumama, a sake daidaitawa a tsakiya idan shirin yana da tsawo. Kibod ya kasance yana da batir ko janareta a kusa.

A takardar shirin taro a rubuta sunan mai kiɗan da shekarun rayuwarsa, da sunan edita, da wanda ya sa kalmomin Hausa, wanda shi ma yanzu yana da haƙƙi a kan aikinsa, kuma ya dace a rubuta yarjejeniya da shi ko da ta layi biyu ce. Kada a ɗauko rikodin wata ƙungiya a sa a matsayin rakiya, domin rikodi yana da kariyarsa ta daban, ta shekara 50 a dokar Najeriya, ko da kiɗan da ke cikinsa na Mozart ne. Rakiyar da aka fitar daga fayil ɗin da ƙungiya ta buga da kanta ita ce mafita. Idan ɗalibai ne ƙanana, a nemi yardar makaranta da ta iyaye kafin a ɗora bidiyonsu. YouTube da Facebook suna da na'urar da ke kwatanta sauti, kuma takan yi kuskure ta ɗauki wasan ƙungiya a matsayin rikodin wani kamfani, a yi da'awar haƙƙin mallaka a kan bidiyon. Idan haka ta faru akwai hanyar ƙalubalantar da'awar a cikin shafin, inda za a bayyana cewa ƙungiyar ce ta kaɗa da kanta, a faɗi sunan mai kiɗan da shekarar rasuwarsa da bugun da aka yi amfani da shi. Don haka tun ranar da aka sauke fayil a buɗe masa jaka a kwamfuta, a ajiye asalin PDF, da hoton shafin da ke nuna matsayinsa na doka, da fayil ɗin MuseScore da aka gyara, a kuma kwafe jakar a filashi a damƙa wa wani jami'in ƙungiyar ban da jagora.